Kofin Rabat ba zai rufe halin da gasar ƙwallon mata ta cikin gida take ciki ba

Daren 26 ga Yulin 2025 na kalli wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka ta mata, wanda Najeriya da Maroko suka buga a Rabat, a wani gidan kallon ƙwallo da ke unguwarmu, ɗakin cike maƙil har wasu na tsaye a bakin ƙofa. An tafi hutun rabin lokaci Maroko tana gaba da ci 2 da nema, jikin kowa ya yi sanyi, sai ga Esther Okoronkwo ta farke ɗaya da bugun fenariti, Folashade Ijamilusi ta rama ta biyu, Jennifer Echegini kuma ta zura ta uku ana dab da tashi. Ihun da aka yi har kan titi. Da ƙura ta lafa na tambayi samarin da ke zaune kusa da ni ko sun san ƙungiyar da ta lashe gasar Firimiyar mata ta Najeriya a shekarar. Ba wanda ya sani, kuma ban ga laifinsu ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ta biyo bayan nasarar, wadda jami'ai da masu sharhi suka riƙa maimaitawa, cewa kofi na goma da tawagar matan Najeriya, Super Falcons, ta ɗauka hujja ce cewa ƙwallon ƙafar mata tana da lafiya a ƙasar nan. Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kyautar dala 100,000 da gida mai ɗakuna uku da lambar yabo ta ƙasa ta OON ga kowace ɗaya daga cikin 'yan wasa 24, masu horarwa kuma dala 50,000 kowannensu. Sun cancanta, ba ni da ja a kan haka. Jayayyata tana kan masu nuna wannan kyauta a matsayin shaidar cewa ana kula da wasan, alhali gonar da aka shuka yawancin waɗannan 'yan mata an bar ta ciyawa na cinye ta.

A dubi kakar 2024/25 da idon basira. Ƙungiyoyi 16 ne suka shiga, aka raba su rukuni biyu, takwas-takwas, kowace ta buga wasa 14 gida da waje. Ukun farko na kowane rukuni suka haɗu a Ikenne ta jihar Ogun a watan Mayu domin zagayen da ake kira Super Six, inda Bayelsa Queens ta ɗauki kofin, Nasarawa Amazons ta zo ta biyu. Ke nan zakarar ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 wasa 19 kacal ta buga a kakar gasar, sauran ƙungiyoyi goma kuwa 14. An fara a watan Janairu, kafin damina ta kankama an nannaɗe tabarma. Yarinya mai shekara 18 da ke neman gogewa za ta shafe fiye da rabin shekara ba ta buga wasan gasa ba, kuma babu mai horarwar da zai ce atisaye yana maye gurbin wasa.

Tsarin Super Six ɗin kansa shi ne abin da ya fi damuna, domin yana mayar da wahalar watanni tamkar share fage. Makin da ƙungiya ta tara a rukuni ba ya bin ta zuwa can. A cikin kwana goma ko ƙasa da haka, a fili guda, ana buga wasa biyar kusan babu isasshen hutu tsakani, kuma wanda ya yi tuntuɓe sau ɗaya ya zubar da kakarsa. 'Yar wasa ɗaya ta ji rauni a gwiwa, ko alƙalin wasa ya yi kuskure guda, shi ke nan. Sannan magoya baya na Lafiya ko Benin ko Fatakwal, waɗanda suka riƙa zuwa fili ranar Laraba da yamma cikin rana, ba sa ganin wasan da ake yanke hukunci a cikinsa, saboda an kai shi wani gari mai nisa. Masu kare tsarin suna cewa yana rage kuɗin tafiye-tafiye. Wannan bayanin talauci ne, kuma bai kamata a riƙa gabatar da shi kamar wata dabara ba.

Na san tafiyar ba wasa ba ce. Daga Yola zuwa Legas ya haura kilomita dubu ta mota, kuma na taɓa ganin wata ƙungiya ta sauko daga bas bayan irin wannan tafiya, ƙafafun 'yan wasan a kumbure, kowace riƙe da jakarta da ledar ruwa, ga wasa washegari. Amma kuɗin da zai sa a yi gasa cikakkiya, kowa ya kara da kowa gida da waje, bai kai abin da aka raba a zama ɗaya a fadar shugaban ƙasa ba, inda kason 'yan wasa kaɗai ya kama dala miliyan 2.4. Kuɗin yana nan. Inda ake ɗaukar hoto ne ake kai shi.

Masu cewa komai lafiya su tambayi kansu daga ina tawagar ta fito. Echegini a Holan aka haife ta, Michelle Alozie a Amurka, Ashleigh Plumptre a Ingila, kuma a ƙasashen waje suka koyi ƙwallo. 'Yan Najeriya ne, muna alfahari da su, amma ba gasarmu ce ta raine su ba. Waɗanda gasarmu ta raina, irin su Asisat Oshoala da Chiamaka Nnadozie da suka yi wasa a Rivers Angels, da Rasheedat Ajibade da ta fito daga FC Robo ta Legas, duk sun fita waje tun da ƙuruciya, kuma a can suka zama abin da suka zama. 'Yan wasan cikin gida da suka samu gurbi a tawagar Rabat ba su da yawa.

Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne gasar zakarun Afirka ta ƙungiyoyin mata, wadda hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta fara a 2021. Zuwa 2024 an buga ta sau huɗu: Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta ɗauka sau biyu, AS FAR ta Maroko sau ɗaya, TP Mazembe ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango sau ɗaya. Mu da muka fara gasar mata tun 1990, iyakar abin da muka samu shi ne na uku da Bayelsa Queens ta zo a 2022, sai na huɗu da Edo Queens ta zo a 2024. A 2023 ma Delta Queens ba ta tsallake zagayen yankin Afirka ta Yamma ba. Maroko da ta wahalar da mu a wasan ƙarshe, tun 2020 hukumarta ta mayar da gasar mata ta ƙwararru, ta ɗauki nauyin wani ɓangare na albashin 'yan wasa, kuma cikin 'yan shekaru ta kai wasan ƙarshe na Afirka sau biyu a jere.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a Arewa kai tsaye. Nasarawa Amazons, wadda ta lashe gasar a 2013 da 2017, da Adamawa Queens ne ke riƙe mana tuta, amma daga Kano zuwa Katsina zuwa Sakkwato babu ƙungiya ko ɗaya a gasar Firimiyar. Ana fakewa da batun sutura, alhali tun 2014 aka halasta wasa da lulluɓin kai a hukumance, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya ta 2023 da hijabinta. Mai horarwar da ya ciyo mana kofin nan, Justine Madugu, ɗan Adamawa ne.

Abin da nake nema daga Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya da hukumar NWFL mai kula da gasar mata ta cikin gida bai da sarƙaƙiya: a tsawaita kakar, a soke Super Six ko a mayar da shi kofi na daban, a nemi kamfanin da zai ɗauki nauyin sufuri da nuna wasanni a talabijin. Gwamnonin da suka mallaki mafi yawan ƙungiyoyin nan, daga Bayelsa har Adamawa, su sanya albashin 'yan wasa cikin kasafin kuɗi na wata goma sha biyu, a daina barin sa sai ranar da aka kawo kofi gidan gwamnati.