Muna Tsoron Bindigar Cikin Gem, Mun Manta da Cacar da ke Ciki

Duk majalisar da aka ɗauko zancen wasan gem, maganar harbi ce ke fara fitowa. Uba ya leƙa wayar ɗansa, ya ga yaro riƙe da bindiga a Free Fire ko PUBG yana bin mutane yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sai gabansa ya faɗi. Ba na ganin laifin uban. Mutumin Zamfara ko Katsina ko Borno da ya san ƙarar bindigar gaske ba zai ji daɗin ganin ɗansa ya mayar da ita abin nishaɗi ba. Amma a ganina mun tsaya muna gadin ƙofar gida, ɓarawo kuwa ta katanga yake haurowa. Abin da ya fi cancanci ya hana mu barci shi ne yadda aka gina waɗannan wasanni domin tatsar kuɗi da lokaci.

Maganar harbin ba ta buƙatar dogon bayani. An shafe shekaru ana bincike a kanta, kuma a 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar da ke nuna cewa wasan gem ne ke sa mutum ya aikata tashin hankali a zahiri. Japan da Koriya ta Kudu na cikin ƙasashen da suka fi kowa buga gem, kuma suna cikin waɗanda kisan kai ya fi ƙaranci. 'Yan bindigar dajinmu ma ba a PlayStation suka koyi sana'arsu ba. Wannan ba ya nufin a sakar wa ɗan shekara takwas wasan GTA. A jikin kwalin an rubuta 18 ɓaro-ɓaro, kuma akwai batsa da ashar a ciki waɗanda ko babba mai kunya zai kawar da kai. Sai dai a gidajen gem ɗinmu ba wanda ke tambayar shekarun yaro, kuɗinsa ake tambaya.

Masu cewa gem ba shi da wani amfani su ma sun yi gaggawa. Wanda ya tashi a zamanin PlayStation 2, wadda Sony ta fitar a 2000 kuma aka sayar da fiye da miliyan 150, ya san abin da gidan gem ya zama a unguwa: ɗan mai kuɗi da ɗan mai faci a benci ɗaya, ana buga Winning Eleven, ana musu, ana dariya. Yara da yawa a nan suka fara karanta Turanci don kansu, ba don malam ya ce a karanta ba, saboda in ba ka gane abin da aka rubuta a allon ba, ba ka san inda za ka dosa ba. Wasannin yanzu kuma na mutum huɗu-huɗu ne, dole ku raba aiki, wani ya karanta taswira, wani ya tsare baya, kuma wanda ya cika son kai shi ake fara kashewa. Akwai ma abin da ya wuce haka. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya gano cewa likitocin tiyata da suka saba buga gem fiye da awa uku a mako sun fi takwarorinsu sauri da ƙarancin kuskure a gwajin tiyatar da ake yi da kyamara. A 2011, masu buga wani wasa da ake kira Foldit, wanda Jami'ar Washington ta ƙirƙira, sun warware siffar wani sinadarin ƙwayar cuta da ya gagari masana fiye da shekara goma. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince likita ya rubuta wa yara masu matsalar rashin natsuwa wani gem mai suna EndeavorRx a matsayin magani. Duk gaskiya ne. Amma kada ɗanka ya kawo maka labarin likitan tiyata a matsayin hujjar kwana a kan waya. Awa uku aka ce a mako, ba a dare ɗaya ba.

Mu ma ba baƙin wasa ba ne. Dattawanmu suna zama a gindin bishiya su buga dara, rami talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, kuma wanda ya iya ta ana girmama kaifin basirarsa. Abin da aka sani shi ne dara tana ƙarewa. An cinye ka, an tashi, an kira salla, kowa ya kama gabansa. Tsoffin wasannin gem ma haka suke. Super Mario Bros na 1985 yana da duniya takwas, ka gama ka gama. Kamfani ya sayar maka da kaset ko faifai, ya karɓi kuɗinsa sau ɗaya, ba ruwansa da ko ka buga sau ɗaya ko sau dubu. Ribarsa tana cikin ya yi abu mai kyau da za ka yaba, ka sayi na gaba.

Nan ne abin ya sauya, kuma nan ne iyaye da yawa ba su lura ba. Free Fire, na kamfanin Garena da ke Singafo, ya fito a 2017. PUBG na waya ya biyo baya a 2018, Call of Duty na waya a 2019. Dukkansu kyauta ake sauke su. To kamfanin da ke biyan dubban ma'aikata, da me yake cin abinci? Da kai. Tunda ba a ƙofa ya karɓi kuɗi ba, dole ya san yadda zai riƙe ka a ciki har ka gaji da kallon kayan wasu ka sa hannu a aljihu. Shi ya sa wasan ba shi da ƙarshe. Akwai kyautar da ake ba ka in ka shiga kullum, wadda za ta wuce ka in ka yi fashin kwana ɗaya. Akwai zango na 'yan makonni, in bai ƙare kana kan wani mataki ba, kayan sun tafi ke nan. Akwai kuɗin cikin wasa, UC a PUBG, daimon a Free Fire, waɗanda aikinsu shi ne su sa ka manta naira nawa ka kashe. Yawancin abin da ake saya ma ado ne, riga ko fentin bindiga, amma yaron da abokansa ke yi wa dariya saboda yana yawo da kayan farko ba ya ganin ado ne, mutunci yake gani.

Mafi muni shi ne akwatin sa'a. Ka biya kuɗi, a buɗe maka akwati, ba ka san abin da ke ciki ba. Wataƙila abin da kake nema, galibi tarkace. Sai ka sake biya. Masanin halayya B.F. Skinner ya nuna tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, da tattabaru, cewa ladar da ba a san lokacin zuwanta ba ita ce ta fi hana mai nema dainawa. A kan wannan aka gina injinan gidajen caca, a kansa aka gina akwatin nan. Masu son ƙwallo kada su ce abin bai shafe su ba. Tun 2009 kamfanin EA ya sa wani ɓangare mai suna Ultimate Team a cikin gem ɗinsa na ƙwallo, FIFA, inda ake sayen fakitin 'yan wasa a rufe da fatan a dace da wani gwarzo. A shekarar kuɗi ta 2021 kaɗai, wannan ɓangare ya kawo wa kamfanin dala biliyan 1.62 daga wasanninsa na motsa jiki. Da aka fara bayyana lissafin sa'ar, sai ga wasu katunan 'yan wasa damar samunsu ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Kamfanonin suna cewa ba caca ba ce, tunda ko yaya ne kana samun wani abu, kuma ba a mayar maka da shi tsabar kuɗi. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ba ta karɓi wannan ba. A 2018 ta yanke cewa akwatin da ake saya da kuɗi caca ce, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da kuɗin cikin wasan FIFA a ƙasar. A Disambar 2022 kamfanin Epic, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka, wani ɓangare saboda tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba, wani ɓangare saboda tsara maɓallai ta yadda mutum zai saya bai shirya ba. Ni dai a fahimtata ta ɗan makarantar allo, ka ba da kuɗi tabbas a kan abin da ba tabbas, da fatan rabo, sunansa ɗaya. Abin mamaki, a 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, mutane suka yaba, alhali irin wannan lissafin yana cikin aljihun yaron da bai isa a bar shi ya shiga shagon ba. Ko al'adar nan ta gidan gem, wadda wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasa, malamai da dama suna sa ta a layin caca. Ita wannan ƙanwa ce a kan akwatin.

Gidan gem ɗin da muke zagi a da ma yana da birki. Kuɗinka ya ƙare, ko a ɗauke wuta, ko man janareta ya ƙare, ko yayanka ya zo ya ja ka da kunne. Waya ba ta da ko ɗaya, tana shiga har cikin bargo. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka, aka fara aiki da jerin a 2022. Sai dai a karanta sharuɗɗan kafin a yanke wa yaro hukunci: mutum ya kasa tsayar da kansa, wasan ya ture masa sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da yana ganin illar, kuma abin ya kai kamar shekara guda. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne cikin masu bugawa ke kaiwa nan. Yaron da ya yi hadda, ya yi aikin makaranta, ya je aike, sannan ya buga awa ɗaya, ba mara lafiya ba ne. Wanda ya daina cin abinci da mutane, asuba ta zama lokacin kwanciyarsa, kuɗin cefane suka fara ɓata, shi ne abin dubawa. Caina ta ɗauki hanyar ƙarfi a 2021, ta ce 'yan ƙasa da shekara 18 awa uku kawai za su yi a mako, ƙarfe takwas zuwa tara na dare, Juma'a da Asabar da Lahadi. Ko a can yara na shiga da sunan iyaye da kakanni. A nan, inda layin wayar yaro ma da sunan babansa aka yi masa rajista, wannan doka a takarda za ta tsaya.

Matasa kuma suna da tasu hujjar: ai ana zama attajiri da gem. Ana zama. Kyle Giersdorf ya ci dala miliyan uku a gasar Fortnite ta 2019 yana ɗan shekara 16. Musa'ad Aldossary na Saudiyya ya ci gasar gem ɗin FIFA ta duniya a Landan a 2018. Gasar gem da aka yi a Riyad a 2024 kuɗin kyautarta ya haura dala miliyan 60. Amma ana ƙirga masu bugawa da ɗaruruwan miliyoyi, masu ci kuwa da yatsu. Ga shi kuma kai kana Gusau, intanet ɗinka tana tafiya tana tsayawa, abokin karawarka ya harbe ka kafin hotonsa ya iso wayarka, kuɗin data kuma tun farkon 2025 aka amince a ƙara masa har kashi 50 cikin ɗari.

Kuɗin gaske yana wurin masu ƙera wasan, mu kuwa saye kawai muke yi. Shi ya sa ake nuna mu yadda aka ga dama. Resident Evil 5 na 2009 ya sa Bature yana harbin tarin baƙaƙen fata da suka zama dodanni a wata ƙasar Afirka ta ƙage. A 2021 sai da Musulmi suka yi ca kafin masu Call of Duty su nemi afuwa su cire shafukan Alƙur'ani da suka watsa a ƙasa a cikin wasan. Alhali ba abin da ya gagara ba ne. Kamfanin Kiro'o na Yawunde a Kamaru ya fitar da wasan Aurion a 2016, akwai kamfanin Maliyo a Legas, akwai Leti Arts a Gana. Mu da muke da dambe da kokawa, da labarin Bayajida da Sarauniya Amina, da ayarin fatake daga Kano zuwa Agadas, ga marubuta da masu kiɗa a Kannywood, me ya hana?

Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu yau. Apple tun 2017, Google tun 2019, sun wajabta wa masu wasanni su bayyana lissafin sa'ar kowane akwati. Yana nan a cikin wasan, a ɗan ƙaramin rubutu. Uba ya zauna da ɗansa su buɗe su karanta tare, zai fi ƙwace waya tasiri. Kada a haɗa katin banki da wayar yaro, kuma a sa lambar sirri a kan duk wani saye. Hukuma ma tana da hanya. A Nuwambar 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce jihohi ne ke da hurumin tsara caca da wasannin sa'a. Ke nan majalisar dokokin Kano ko Sakkwato ko Kaduna tana da damar zama ta tambayi abin da Beljiyam ta tambaya a 2018: akwatin da yaro ke saya da kuɗi bai san abin da ke ciki ba, a wane babi yake a dokar jiha?