Ba duk abin da ke Wikipedia aka tantance ba

Mutane da yawa sun ɗauka duk abin da Wikipedia ta rubuta kan masu kiɗan kwamfuta, irin su masu salon kiɗan tekno, an riga an tantance shi. Ba haka ba ne. Kowa na iya gyara shafi, har da manajan makaɗin ko kamfanin da ke tallata shi. Tun 2014 aka wajabta wa duk wanda aka biya ya yi rubutu ya bayyana hakan, amma wasu kan yi shiru.

A ce an kafa Kraftwerk, wata ƙungiyar masu kiɗan kwamfuta, a Jamus a 1970, wannan ana iya bincikawa. Amma kirari irin na "DJ ɗin da ya girgiza duniya", idan majiyarsa shafin intanet na makaɗin ne da kansa ko sanarwar kamfaninsa, talla ce tsagwaronta.