Ku ƙyale Winterhalter ya huta a kabarinsa

Na ga abin da aka yi jiya a ƙarƙashin hoton sarauniyar Austiriya da aka sa a intanet, na so in yi shiru amma raina ya ƙi. Wai wani ɗan boko ne ya zo yana cewa Winterhalter, Bajamushen da ya zana hoton, ba mai zane ba ne, "maroƙi ne da buroshi", jama'a kuma suna ta danna masa alamar dariya. To sannu, malam masani! Kai da hoton da ke shafinka an goge shi da manhaja har hancinka ya kusa ɓacewa, kai ne za ka koya wa mutumin da ya rasu tun 1873 yadda ake faɗin gaskiya a hoto.

Ee, ya ƙawata sarakunan da ya zana. Wa ya musa? Aikin da aka ɗauke shi ya yi ke nan. Sarauniya ba ta kiran mai zane fada don ya ƙirga mata kuraje. Kuma ƙawata mutum ta yadda zai fi kyau amma kowa ya gan shi ya ce shi ne, wannan gwaninta ce. Idan abu ne mai sauƙi, me ya hana sauran masu zanen Turai su ƙwace masa kasuwa?

Ku dubi inda ya fito. Ɗan manomi ne daga ƙauyen Menzenschwand, can cikin Baƙin Daji na Jamus, an haife shi a 1805. Yana ɗan shekara 13 aka tura shi Freiburg koyon zane, daga nan ya wuce Munich. A 1834 Leopold mai mulkin Baden ya naɗa shi mai zanen fada. Bai daɗe ba ya koma Paris, Sarki Louis-Philippe ya riƙe shi. A 1842 Sarauniya Victoria ta Ingila ta kira shi, ta ci gaba da kiransa shekara da shekaru. A 1848 Faransawa suka kori Louis-Philippe daga mulki. Da ɗan fadanci ne kawai, da ya tafi tare da ubangidansa. Ina! Napoleon na Uku ya hau, shi ma Winterhalter ɗin dai ya nema, har ya zana matarsa Eugénie zaune cikin matan fadarta a 1855. Sarakunan da ba sa ga-maciji da juna sun haɗu a kan hannun Bajamushe ɗaya, kai kuma ka ce duk ruɗarsu ya yi. Su wawaye ne, kai kaɗai ke da ido.

Hoton da kuke yi wa dariyar ma, na Elisabeth sarauniyar Austiriya ne, na 1865, mai taurarin lu'ulu'u a gashi. Ku buɗe shi da kyau ku kalli rigar. Yadin nan shara-shara, har kana jin da iska ta kaɗa zai motsa, alhali fenti ne kawai a kan ƙyalle. Ku tambayi kowane tela ko ya san bambancin siliki da leshi idan haske ya faɗa musu. Mutumin nan ya sani, kuma ya iya sa buroshi ya nuna. Gwaninta ce, na ce gwaninta ce.

Masu cewa ai bai zana talakawa ba, bismillah, ga buroshi, ku zana su. Masu cewa masanan zamaninsa ma sun raina shi, to sun raina shi, sai me? Yau mutum nawa ne ya san sunayensu? Masu kawo zancen hukuncin zana mutum kuwa, wannan ku kai wa malamai, ba shi muke yi ba yau. Kuma kalmar maroƙi da aka jefa a matsayin zagi, mu da muka san mawaƙan fada mun san ba kowane mai baki ne ke iya wasa sarki har fada ta yi tsit ba.

Amma bari in ajiye gatse. Akwai ɗan hoton da ya yi wa Victoria a 1843, gashinta a kwance a kafaɗa, babu kambi, babu kayan sarauta. Kyauta ce ta ba mijinta Albert ranar da ya cika shekara 24, ba don jama'a aka yi shi ba. Wallahi duk lokacin da na gan shi sai jikina ya yi sanyi. Yarinya ce kawai mai son mijinta. Mace mai irin wannan mulki ta yarda wani bare ya gan ta a haka ya zana, kuma bai ci amanarta ba. Shi kansa bai taɓa aure ba har ya rasu a Frankfurt.

In ma zanen da ya jawo rigima kuke nema, ku je wa Holbein, shi ma Bajamushe. Ya zana Anne ta Cleves a 1539, Sarki Henry na Takwas na Ingila ya ga hoto ya amince ya aure ta, da ya ga amarya ido da ido sai ransa ya ɓaci, auren wata shida ya yi. Cromwell, wazirin sarki da ya haɗa auren, an fille masa kai, mai zane kuwa ya ci gaba da aikinsa.

Wannan ma ya tuna min. Mai hoton da ya ɗauki bikin ƙanwata, yau wata huɗu ke nan bai kawo albam ba, kullum "ana gyarawa, Yaya". Na san kana karanta wannan. Ba sarauniyar Austiriya muka ce ka mayar da ita ba, ka kawo mana kayanmu ranar Juma'a.