Kafin a sayo motocin asibiti, a nemo masu koyar da tsayar da jini

Mutumin da harsashi ko ƙarfen mota ya tsinke wa babbar jijiyar cinya yana iya cikawa cikin 'yan mintuna. Ba likitan da zai riske shi a wannan ɗan lokaci. Wanda ke tsaye a kansa direba ne, ko ɗan acaɓa, ko soja ɗan'uwansa. Ran mai raunin yana rataye ne a kan abin da aka taɓa koya wa wannan mutumin, shi ya sa nake ganin mai koyar da agajin gaggawa ya fi sabuwar motar asibiti muhimmanci, ko da yake motar ce ake yanka wa kirtani a gaban 'yan jarida.

Sojojin Amurka sun sha wuya kafin su gane haka. Bayan artabun Mogadishu na 1993, Frank Butler, likitan sojan ruwa, da abokan aikinsa suka fitar da TCCC, tsarin kula da masu rauni a fagen fama, a 1996. Kafin nan ana tsorata mutane da maɗaurin tsayar da jini, wanda ake ɗaure hannu ko ƙafa da shi tamau a saman rauni, wai shi ke jawo yanke ƙafa. Sabon tsarin ya ce a fara da jini, sauran su biyo baya. Binciken da aka buga a 2012 kan sojojinsu 4,596 da suka mutu a Iraƙi da Afganistan ya nuna kusan tara cikin goma sun cika kafin a kai su asibiti. A cikin waɗannan, wajen kashi ɗaya cikin huɗu raunukansu na iya ceto ne, kuma zubar jini ce ta kashe mafi yawansu. Daga fagen fama darasin ya shigo gari: a 2015 aka ƙaddamar da shirin Stop the Bleed, wato tsayar da zubar jini, don farar hula.

Wani zai ce ai wannan harkar masu kuɗi ce. A Ghana, ƙarshen shekarun 1990, an tara direbobin haya 335 aka koya musu agajin farko, don an lura su ne ke kwasar waɗanda hatsari ya rutsa da su. A ƙauyukan arewacin Iraƙi da Kambodiya masu fama da nakiyoyi, likita Hans Husum da tawagarsa sun horar da ma'aikatan lafiya na karkara da mutanen gari, mace-macen masu munanan raunuka suka sauka daga kusan kashi 40 zuwa 15 cikin ɗari. Ba jirgi mai saukar ungulu ko ɗaya a lamarin.

Mu kuma ɗaliban na nan a shirye. Ga 'yan agajin Izala da na Jama'atu da na Fityanu da kakinsu da tsarinsu, ga direbobi da 'yan kamasho a kowace tasha, ga 'yan sa-kai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin ƙwarai. Tuƙi ba a koyonsa a kan allo, haka wannan ma. Malamin ƙwarai sai ya sa ɗalibi ya ɗaura maɗaurin a cinyar ɗan'uwansa, ya murɗa sandar da ke jikinsa har bugun jini ya ɗauke a ƙafa, ɗan'uwan na yamutsa fuska don zafi, sannan ya rubuta ƙarfe nawa ya ɗaura. Sai ya sa shi ya cusa tsumma mai tsabta cikin rauni ya danne da duk nauyinsa, a maimaita har hannu ya haddace. Shi ne kuma zai raba mutane da abin da muka saba gani a bakin titi: a ɗura wa wanda ya suma ruwa, a ciccibi mai karayar wuya hannu da ƙafa a tura bayan mota, saura kuwa suna ɗaukar bidiyo.

Sai dai a yi hattara da malamin da ya kwafo darasin Amurka sukutum. An gina shi ne a inda ake sa ran kai mai rauni asibiti cikin awa guda. A Ukraine, inda kwasar masu rauni kan ɗauki awanni da yawa, an ga mutanen da suka rasa gaɓoɓi saboda maɗaurin da aka bari ya daɗe, wasu ma raunin nasu bai kai a ɗaura ba. Ga kuma maɗaurai na jabu da ke karyewa ana tsakiyar murɗawa. Tafiya daga wani ƙauyen Zamfara zuwa Gusau da damina ta fi kama da wannan yanayi. Wanda bai san abin da ake yi bayan awa biyu da ɗaurawa ba, bai isa ya raba wa kowa satifiket ba.

Dole kuma malamin ya san doka. Tsoron 'yan sanda na hana mutane taɓa wanda aka harba, alhali dokar 2017 ta wajabta wa asibitocin Najeriya karɓarsa ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ba, ta kuma hana a takura wa wanda ya kawo shi da tambayoyi. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ita ke tsara lasisin tuƙi. Kamata ya yi ta sanya kwana ɗaya na wannan horo cikin sharuɗɗan lasisin direban haya, jihohi kuma su biya albashin malaman.