Littafin bashin mai tireda bayan rasuwarsa

Duk ranar da mai tiredar unguwa ya rasu, a Tudun Wada ne ko Kwarbai ko Samaru a Zariya, jana'iza cika take yi. Kowa ka ji sai "Allah Ya jiƙan Alhaji, ya riƙe mu." Gaskiya ne kuwa. Sai dai da yawa daga cikin masu tsayuwa a sahun sallar, sunayensu na nan cikin wani tsohon littafi da ke durowar kuɗi, kuma daga ranar sadakar uku ba mai sake tayar da maganarsa. Wannan abu yana ci mini rai.

Bari a tuna yadda bawan Allah nan ya rayu. Buhun sukari mai kilo 50 zai saro a kasuwar Sabon Gari, ya auna a mudu da gwangwani, ya ɗaure saura ƙulli-ƙulli a leda. Ribar tana ƙasan buhu, shi ya sa tsiyaya kaɗan ko danshin damina ke iya cinye ta. Gishiri ya jiƙe, ɓera ya huda katan ɗin taliya, yaron shago ya cika mudu fiye da ƙima. A cikin wannan 'yar ribar yake bayar da bashi: madarar yara, sabulu, ashana, shinkafa tiya guda, "a rubuta, sai ƙarshen wata."

Bashin nan kuwa da kuɗi ake rubuta shi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, abin da ya bayar farkon wata, in an biya shi ƙarshen wata ba ya sake saro irinsa. Masu shago a Samaru sun ga fiye da haka a 2022, lokacin da malaman jami'a suka yi wata takwas suna yajin aiki: ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru sun watse, albashi ya tsaya, ciniki ya mutu, littafi kuma sai ƙara kauri yake.

Da wannan haƙurin ya zama babba a unguwa, ba tare da rawani ba. A bencin ƙofar shagonsa ake sasanta maƙwabta kafin magana ta kai ga mai unguwa. Hannunsa ake damƙa kuɗin gyaran taransifoma da na 'yan sintiri da na masallaci. In aka yi rasuwa da dare, shi ake bugawa ƙofa don kuɗin likkafani.

To, in ya koma ga Allah, abin da ya dace shi ne a rufe shagon tukuna. Magada da dattawa biyu su ƙirga kaya a kan farashin sari. A ware kuɗin amana da na adashi gefe, domin ba nasa ba ne, kuma a nan aka fi yin kuskure saboda sau da yawa durowa ɗaya suke kwana da na ciniki. A biya dilolin da ke bin sa. In akwai wasiyya a fitar, kada ta wuce sulusi. Sannan gado. Abin da ke cikin littafin nan ma gado ne: akwai sumunin matarsa, wato ɗaya bisa takwas, a ciki, akwai haƙƙin marayu.

Wasu kan ce ai Alhaji da yana raye zai yafe. Wataƙila. Amma yanzu yafiyar ta koma hannun magada, kuma yaron da bai balaga ba, ba a yafe rabonsa a madadinsa. Kunya ce ke hana iyalan tambaya. Babban ɗa ya buɗe shago da rabin jari, yana cin uwar kuɗi yana zaton riba ce, kafin shekara kantoci sun zama fayau.

Wanda ya san sunansa na ciki ya je da ƙafarsa, kada ya jira aike. In babu hali gaba ɗaya, ya faɗi abin da zai riƙa kawowa duk wata, a rubuta a gaban shaidu.