Ɓarayin Faris na 1915 da abin da ya ɓata wa 'yan sanda rai

Duk mai ganin fim mai dogon zango jiya aka fara shi, ya nemi Les Vampires ya kalla. Louis Feuillade ne ya shirya shi a kamfanin Gaumont na Faransa, kashi 10, daga Nuwamba 1915 zuwa Yuni 1916. Kusan awa 7 ne, ba a jin muryar kowa, sai rubutu jefi-jefi.

Labarin wani ɗan jarida ne, Philippe Guérande, da ke farautar wata ƙungiyar ɓarayi da makasa a birnin Faris. Amma gaskiya ba shi ne ke riƙe mai kallo ba. Irma Vep ce, ɗaya daga cikin ɓarayin, wadda 'yar wasa Musidora ta fito a matsayinta, sanye da baƙaƙen kaya, tana bin rufin gidaje cikin dare, gobe kuma ka gan ta 'yar aiki a gidan wanda ke nemanta.

Akwai wurin da ya tsaya mini a rai. An tara masu hannu da shuni a liyafa, aka rufe ƙofofi da tagogi, aka sako musu iskar da ke sa barci. Suna turereniya suna dukan ƙofa, har suka zube ɗaya bayan ɗaya. Sai ɓarayin suka shigo a natse suna cire sarƙoƙi daga wuyan mata. A shekarar da aka fara watsa wa sojoji iskar guba a fagen daga, wa zai kalli wannan hankalinsa kwance? Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe maza, shi ya sa titunan fim ɗin suke wayam, kuma wannan shirun ya fi kowace wuƙa ban tsoro.

'Yan sandan Faris sun taɓa dakatar da nuna shi, wai yana kambama masu laifi. Ni ban yarda da wannan hujja ba. Abin da ya yi musu ciwo, a ganina, shi ne shugabannin ƙungiyar ba 'yan tasha ba ne, mutane ne cikin kwat, masu sunan girma, ana rusuna musu, su kuma 'yan sanda kullum sai an gama ɓarna suke isowa. Daga baya aka janye dokar, Feuillade kuma ya koma ya yi Judex, inda jarumin ne ke hukunta azzalumi.