Wa ya ce Béal Feirste baƙo ne a Belfast?

Tun watan Maris na 2025 nake bibiyar taƙaddamar tashar jirgin ƙasa da bas ta Grand Central da ke Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya, kuma har yau abin na ci mini tuwo a ƙwarya. Ministar ababen more rayuwa ta Ireland ta Arewa, Liz Kimmins, ta ce za a sa rubutun harshen Irish kusa da na Turanci a allunan tashar. Nan da nan jam'iyyar DUP, mai son yankin ya ci gaba da zama cikin Birtaniya, da sauran 'yan a-mutun Birtaniya suka yi ca, har maganar ta kai kotu. Wai ɓarnar kuɗi ce, fam 150,000 a tashar da ta lashe fam miliyan 340. Wannan hujja ko amsa ba ta cancanta ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu cewa Irish harshen wasu ne daban, ana cusa shi inda ba gidansa ba. To daga ina aka samo sunan Belfast? Daga Béal Feirste, wato bakin mashigin yashi inda ake tsallake ruwa. Unguwar Shankill, wadda ta yi ƙaurin suna wajen kishin Birtaniya, asalinta Seanchill ne, tsohuwar coci. Mai ɗaga kwali yana kururuwar ba ya son Irish, da Irish yake faɗin unguwarsu kullum, sai dai an karya wa kalmar ƙashi har bai gane ta ba.

An kuma san waɗanda suka karya. Daga 1824 masu zana taswirar gwamnatin Birtaniya suka bi ƙauye-ƙauye suna daidaita sunaye da rubutun Turanci. Kafin nan, a 1613, an liƙa wa garin Doire, wato kurmin itatuwa, sunan Landan ya koma Londonderry. Duk Bahaushen da ya ga Sakkwato ta zama Sokoto a takarda ya san yadda abin yake.

Alhali harshen nan bai taɓa rufe ƙofa ga baƙo ba. Ɗan gida shi ne Gael, baƙo kuma Gall, kuma an ba baƙon gurbi a taswira: Donegal ita ce Dún na nGall, ganuwar baƙi, tsibiran Hebrides na Scotland kuwa Innse Gall, saboda mutanen arewacin Turai da suka zauna can. Baturen Ingila ma yana da sunansa, Sasanach. Yau kuma wai mai masauki ne ya zama bare a garinsu. Wannan rashin kunya ce tsagwaronta.

A 1920 garin Kingstown, mai tashar jiragen ruwa kusa da Dublin, ya koma sunansa na Irish, Dún Laoghaire, kuma jiragen ruwa ba su ɓace hanya ba. Wata dokar Birtaniya ta 2022 ta riga ta amince da Irish a matsayin harshen hukuma a Ireland ta Arewa. A kafa allunan, Turanci na nan ba wanda ya goge shi.